Ƙwaryar furar Malam

Da kakar shekarar da na fara azumi, wata ranar Laraba da hantsi, Goggo Asabe ta zaro wuƙa daga garwashi ta miƙo mini. Muna zaune a gindin darbejiyar gidanmu a Malisa, kaji suna tonon ƙaiƙayi kusa da turmi. Goggo ƙanwar babana ce, kuma duk yankin Gwandu an san zanen ƙwaryarta. Na ɗora bakin wuƙar a gindin wani ƙoƙo, na danna. Hayaƙi ya tashi, ƙoƙo ya huje. Goggo ta ɗaga shi ta leƙo ni ta hujin. "Ke ɗiyar ga, rariya kika tashi yi muna?" Na yi ta kuka. Ta bari sai da na gama, sannan ta miƙo wani.

A lokacin duma ba abin saye ba ne. Da damina muke shuka shi a gindin danga, ya hau rumbu, ya bi rufin ɗaki, mu yara aikinmu korar awaki. In ya bushe babana ya fafe, mu kwashi ɓarin zuwa tafki mu jiƙa, mu kankare cikin har farce ya yi laushi. Ɗacinsa yakan kwana biyu a hannu, ko tuwo ka ci sai ka ji shi. Makarantar allo ban daɗe ba, don Goggo ta ce tana son mai hura mata wuta. Ina hurawa idona yana ruwa, ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a dandali. A haka na koyi sawun zabo, da idon tantabara, da wani zane mai murɗiya da Goggo ba ta sa wa suna ba. In ta gama, matan unguwa su taru, ƙwarya ta bi hannu hannu. Wata ta ƙwanƙwasa ta kara a kunne, wata ta shafa baki ta ji ko zai yanki leɓe. Su ne alƙalanmu, kuma ba su da kara.

Da aka sa ranar aurena zuwa Kalgo, na zana ƙwarya guda don furar mijin da ban taɓa yi wa magana ba. Da ita Malam ya sha fura har tsufa. Ta tsage sau ɗaya, na ɗinke. Bara bayan babbar Sallah Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Malam. Ina faɗar wannan hawaye na zuba, Rabi jikata da ke rubuta mini tana cewa in huta, to me ya rage in huta wa?

Rabin ce ta ja ni cikin wannan magana. Tana karatun zane a Birnin Kebbi, ta ji za a yi baje kolin ayyukan hannu a gidan adana kayan tarihi, masu zane daga jihohin maƙwabta za su kawo, alƙalai su tace. Bayan na fita takaba ta roƙi ƙwaryar, na ba ta don ba ni da ƙarfin musu. Sai ga ta da labari wai an zaɓa, har gidan yana so a bar musu ita dindindin. Na ce ban yarda ba, ni zan je in ɗauko kayana.

Motar ta jijjiga mini ƙugu, na isa a gajiye. Ɗaki ne mai sanyi, hotunan fenti manya manya a bango, wasu ban gane sama da ƙasansu ba. Can na hango ƙwaryar cikin gilashi, ita kaɗai, ɗinkin yana kallon mutane. Wata ma'aikaciya ta durƙusa ta gaishe ni. Na tsaya ina tunanin gida. Surukata ta taɓa tambaya ko za ta riƙa zuba wa kaji dusa a ciki, kuma ba da mugunta ta faɗa ba, kowa da kwanon silba yake sha yanzu. Ranar da na rufe ido, can za ta ƙare.

Na ce zan bari, amma su rubuta sunan mai ita, ba nawa kaɗai ba. Ma'aikaciyar ta ce, "To Inna, mi as sunanai?" Tunda aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, mace ba ta yi. Rabi ta ce, "Kaka, ai ya rasu, ki hwaɗi mana." Na ce, "Rasuwa ya yi, ba sakina ya yi ba. Ke da ba ki da kunya, hwaɗa musu." Ta faɗa, suka yi dariya, ni kuma na nemi kujera na zauna.

Da, ƙwarya mai kyau hannu take bi har ta yi baƙi. Yanzu sai an kulle ta take tsira. Na dawo Kalgo hannu wofi, ragayar da ke ɗakina tana lilo babu komai a ciki. Ban sauke ta ba tukuna.