Gayyar da Ta Ƙone Rabin Gonar Na-Allah

Duk Madekali an san yayana Na-Allah da tsabtar gona. Ni Zuwaira sau biyu nake sharar tsakar gidana a rana, amma ban kama ƙafarsa ba. Kafin ruwa ya sauka zai tattara karan dawa, ya banka masa wuta, ya bar ƙasa fes. Haka Baba ya koya masa, shi kuwa Yaya, ko tari Baba ya yi a gona ya zama doka.

Gonar kuwa kan gangare take, kowace damina ruwa sai ya kwashi ƙasarta ya kai fadama. Dami arba'in na zamanin Baba ya koma goma sha uku, ga baki tara a kan rumbu ɗaya. Wata rana na tarar da shi yana naɗa gammo da tsohon zane. Ya ce in bana ma haka ta yi, zai bar gonar ya tafi dako kasuwar Malanville. Shekara hamsin da bakwai fa, da ciwon baya, zai ɗauki buhun albasa a ka. Tausayi ya kama ni har na hau masifa, ban ma san da wa nake yi ba.

Da na ji rediyo na shelar taron manoma a Malanville, na matsa masa ya je.

"Mi 'yan lakkwal da bokonsu za su koya min ga noma?" in ji shi.

Na ce ana ba da shinkafa da nama. Ya hau moto, wato babur, ya tafi.

A can wata malamar gona, Madam Basira, ba ta yi dogon surutu ba. Faranti biyu ta cika da ƙasa ta karkata su, ɗaya tsirara, ɗaya lulluɓe da kara, ta zuba musu ruwa. Na mai kara ya fito kaɗan, kusan garau. Na ɗayan ya kwararo kamar kunu. Yaya ya sa yatsa cikin taɓon ya ce, "Wagga ai gonata ce."

Ya dawo ya shimfiɗa kara a gicciye da gangaren, bai ƙona ko tsinke ba. Amma ni kaɗai ya gaya wa dalili. Wai kunya yake ji a ce yarinya sa'ar 'yarsa ta gyara wa Baba aiki.

To, mutanenmu kun san su da kirki marar tambaya. Suka ga gonar Na-Allah, Na-Allah fa, cike da shara, suka yanke cewa ciwon bayan ne ya kayar da shi yana ɓoyewa. Taubashinsa Ɗan'iya ya haɗa gayya a asirce, ranar da Yaya ya tafi taron suna a garin Gene. Ina daka na hango hayaƙi. Na zura da gudu ko takalmi babu, ina zaginsu tun daga nesa, amma kafin su fahimci abin da nake cewa rabin gonar ya zama toka.

Yaya ya dawo ya tsaya yana kallo. 'Yan gayya kuma dole a gode musu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana "Allah shi saka da alheri" yana cizon leɓe, matarsa Husaina ta dama musu fura. Na yi dariya a bayan rumbu har hawaye, sannan na tuna gammon, dariyar ta tsaya.

Damina ta fara lafiya, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha bakwai. Ɓangaren da aka ƙone, dawa ta naɗe ganye. Ɓangaren kara kuwa, in ka tona da hannu sai ka ji sanyi. Iyakar ta fito sarai a bakin hanya, masu wucewa suna tsayar da moto suna kallo. Da kaka, rabin toka ya ba da dami shida, rabin kara goma sha huɗu.

Yanzu duk taron da za a yi, Garu ko Gene, sai Madam Basira ta aiko a ɗauki Yaya. Shi ke zuba ruwan, yana bayani da Hausa da Dandanci, kuma farantaina biyu ya kwashe bai mayar ba. Ɗan'iya yana binsa yana gaya wa jama'a cewa ba don wutarsa ba da babu wanda ya gane komai. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Yaya, ina dokar Baba?"

Ya ce, "Baba bai ga faranti biyu ba. Da ya gani, shi za ya riga kowa."

Gammon yana nan. Husaina ke ɗaukar tulu da shi.