'Ya'yan Tumba Nawa Ne?

A duk shekarun da na yi a aikin nan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda shugaban sashenmu ya dawo mini da maƙalata, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla ɗaya tak. Ina ba ku labarin ne, musamman ku da za ku fita bincike bana, don na ga kun fara buga takardun tambayoyi kuna rawar kai irin wadda na yi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu masu nazarin harshe da al'ada ne, ni kuma ɓangaren da na ɗauka shi ne ƙidaya: yadda ake lanƙwasa yatsu, yadda ake ƙirga damin gero kafin a zuba a rumbu, da tsofaffin kalmomi irin su gomiya da zangu waɗanda yaran yanzu ba su sani ba. Lokacin ina ƙaramar malama a jami'a, ina neman zama babbar malama. Ƙa'ida ita ce sai kwamitin ƙarin girma ya ga maƙalun da mutum ya buga a mujalla. Ɗaya ta rage mini, kuma kwamitin sau ɗaya yake zama a shekara.

A Tungar Guru ta ƙasar Bukkuyum na yi binciken, 'yan shekaru bayan gubar dalma ta 2010, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ƙananan yara. Lokacin hanya ba ta rikice da 'yan bindiga kamar yanzu ba. Mota zuwa Bukkuyum, daga nan in hau kabu-kabu. Ni 'yar Gummi ce, maƙwabciyar Bukkuyum, don haka gani nake gida na je, babu wanda zai koya mini al'adar wurin.

Tsarin da aka koya mana shi ne a zaɓi tambaya mai sauƙi wadda amsarta lamba ce, a yi wa mutum ita sau uku a ziyara daban-daban. In amsar ta zo ɗaya, a dogara da sauran bayanansa. In ta saɓa, a sa masa alama. Ni da wayona sai na zaɓi "'Ya'yanki nawa?" Na ce ai babu tambayar da ta fi wannan sauƙi a duniya. Na zana mata ɗan akwati a takarda, daidai wurin lamba ɗaya.

Cikin matan da na yi hira da su babu kamar Tumba. Za ta kai shekara arba'in, ba ta yi boko ba, amma kanta na ja. Idan ana shigo da dami, duk goma sai ta karya tsinke ta soke a jikin danga, ta ci gaba da aikinta tana hira, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Na gwada ta da biro da takarda, ni ce na ɓata lissafi, ta yi mini dariya har da tafa hannu. Rabin abin da ke cikin maƙalar daga bakinta na samo shi.

Ziyarar farko na tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce huɗu. Ta biyu ta ce bakwai. Ta uku ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta tashi ta kama tankaɗe. Raina ya ɓaci, don ina da saurin fushi, kun sani. Na duba takardun sauran matan, na ga wasu ma amsarsu ta saɓa. Sai na zauna a ofis na rubuta cewa matan ƙauyen sun ƙware a ƙirga abin da ke gabansu, amma lissafi na kwance musu idan abin ba ya gaban idonsu. Har daɗi jimlar ta yi mini, na ɗauka na gano wani abu.

Dole shugaban sashe ya karanta maƙala kafin a aika. Namu wani dattijon farfesa ne mai magana a hankali, wanda ba ya faɗa, kuma da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce ya karanta, aiki ya yi kyau. Sannan ya ɗora yatsa a kan jan layin.

"Malama Hauwa, matar da ba ta ɓatar da dami ɗaya cikin ɗari, ita ce ta manta abin da ta haifa?"

Na ce masa abin da takarda ta nuna ke nan, kuma in na koma ƙauyen lokaci zai ƙure, ƙarin girman ya wuce ni. Ya ce ya sani. Ya ce ba zai hana ni aikawa ba, amma in tuna sunana ne zai zauna a kan jimlar, kuma matan da na faɗa a kansu ba za su taɓa karantawa su kare kansu ba. Na fito ina ƙunƙuni, na ce tsohon nan so yake in tsufa a ƙaramar malama.

Na buɗe rikoda don in samo hujjar da zan kai masa. A hirar ta biyu na ji Tumba ta ce "bakwai" da wata murya ƙasa-ƙasa, sai shiru mai tsawo. Sai ga muryata, garau, ina cewa, "To, tambaya ta gaba." Na maimaita wurin sau uku. Na sha jinin jikina tun kafin in san dalili.

Na koma cikin damina, hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka daga babur ina takawa. Na bar takardar tambayoyin a jaka. Na iske Tumba tana tsinke rama, na zauna na sa hannu, muka daɗe muna hirar ruwan bana. Sannan na ce, "Yaya Tumba, na yi miki laifi ranar nan, ban san ko mene ne ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ran da kinka hwara zowa ban san ki ba. Na ɗauka cikin masu ɗibar jinin yara kike, sai nib ba ki waɗanda ka tahiya da ƙahwarsu. Zowanki na biyu kin zamna, kin ci tuwona. Nic ce wagga tamu ta, bari in ba ta su dut. Ukku na nan kwance bayan gari, shekarar dalma sunka tahi. Su ma ɗiyana na." Ta zuba ramar a ƙwarya. "Sai ga ki kin dawo da takardarki, kina tambaya kamar ba ki ji ba. To mi za ni ce maki?"

Kunya ta rufe ni, na yi mata ta'aziyyar da ya kamata in yi tun watannin baya. Na san labarin dalmar nan sarai, har a gabatarwar maƙalar na ambace shi. Amma akwatin da na zana ba shi da wurin matattu, ni kuma akwatin nake kallo, ba matar ba.

Muna nan zaune sai wata matashiya mai goyo ta yi sallama, ta durƙusa ta ce, "Inna, ina wuni?" Tumba ta amsa tana kallon wani gefe, ba ta kira sunanta ba. Da ta shige ɗaki na tambaya a hankali ko wace ce. Tumba ta yi ɗan murmushi, na farko a ranar.

"Wata ta. Ke ba ɗiyar Gummi ba ta? Tahi ki tambayi innarki."

'Yarta ce ta fari. Uwa a wajenmu tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sa shi a lissafi a gaban mutane. Ba ta cikin huɗun, ba ta cikin bakwan. Kuma abin takaicin, ni kaina 'yar fari ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba.

A hanyar komawa na biya Gummi. Inna na dama fura na ce mata, "Inna, mu nawa ne?" Ta harare ni, ta ce ashe bokon nawa na banza ne, ni da ake cewa ƙidaya nake koyarwa. Sannan ta ce, "Ƙannenki biyat na." Na ce ni fa? Sai ta turo mini ƙwaryar ta ce in sha kafin ta tsinke. Na sha, hawaye na zubo mini, ita kuwa ta yi kamar ba ta gani ba.

Na soke jimlar, na sake rubuta wannan ɓangaren maƙalar gaba ɗaya, kwamiti ya zauna babu ni. Sai da shekara ta zagayo na zama babbar malama, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, jiran ya yi mini ciwo. Farfesa bai taɓa tayar da maganar ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu lamba ba ta zuwa ita kaɗai. Mai amsa yana duba wanda ke tambaya, yana auna abin da zai iya ba shi. In amsa ta saɓa, kada ku yi saurin sa wa mutum alama. Ku ajiye biro ku nemi sanin wa aka ƙirga, wa aka bari, kuma don me. Takwas Tumba ta haifa. Wannan lambar ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba, kuma babu ranar da lissafin ya kwance mata.