Waken Mama Elisabatu

Da asuba, kafin in tayar da motar ɗauko yara, Mama Elisabatu ta riga ta iso daga Gawuna, ta hura gawayi, ta zauna tana tsince wake. Ita ke dafa wa yara abinci a wata makarantar kuɗi a Nassarawa GRA, ni kuma direbansu ne. 'Yar Wusasa ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku a ɗaki guda. Da wannan aikin suke ci.

Ba ta da surutu. Idan yaro ya birkice a aji yana ihu, malama ta rasa ta kansa za ta bi ko ta sauran, sai a turo shi wajenta. Ba ta tambayarsa wa ya taɓa shi, ba ta cewa ya yi shiru. Tabarma take shimfiɗa masa, ta ɗora masa faifai a cinya.

"Maigida, cire min tsakuwar nan. Idona ya mutu."

Wani ya watsar da waken. Sai ta kwashe ta mayar masa, ko kallonsa ba ta yi. Can hannu ya kama aiki, shessheƙa ta ragu. Ta ba shi ruwa, ta wanke masa fuska, ya koma aji da ƙafarsa. Na ga wannan ya fi a ƙirga.

Wadda ta fi zuwa ita ce Najla, 'yar aji biyu. Tun da mahaifiyarta ta rasu ta canza. A mota ma cizon yara take yi, ni kaina akwai shaidar haƙoranta a hannuna. A kicin kawai take nutsuwa.

Wata rana babanta, Alhaji Baffa, ya zo ba zato, ya tarar da ita a ƙasa da faifai. Har bakin get ana jin muryarsa a ofishin shugabar makarantar, Madam Loretta.

"Madam, 'yar aiki na kawo muku? A gidana ko cokali ba ta ɗagawa!"

Ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ya binne matarsa, ya zo ya ga marainiyarsa a tabarma. Madam ta kira Mama ta ce, "Aka sake ganin yaro a kicin, kin bar aiki. Ba yadda zan yi."

Mama ta fara kulle ƙofa ta ciki.

Ba a daɗe ba Najla ta birkice ana tsakiyar darasi. Ta fizge daga hannun malamarta, ta ruga kicin, ta tarar a rufe. Sai ta fara buga goshinta a ƙofar ƙarfen. Malamar ta riƙe ta, ta sake fizgewa. Na ajiye bokitin wankin mota, na leƙa ta taga.

"Mama, kar ki buɗe. Ki tuna da na gida."

Tana tsaye da ludayi a hannu.

"Malam Zubairu, kai ba ka jin ƙarar kan nan?"

Ta buɗe. Yarinyar ta nutsu, ta koma aji da ƙulu a goshi. Kafin a tashi labari ya kai gidan Alhaji Baffa.

Washegari aka sallami Mama. Aka ce in kai ta Gawuna da 'yan kayanta, kuma tun ranar ban sake sa ta a ido ba. Mun fito daidai lokacin da yara suka fito hutun tara, Najla na zaune ita kaɗai a gindin darbejiya, kusa da inda za mu wuce. Na rage gudu, na ce ko za ta yi mata sallama.

"Ka haukace? Ta gan ni da jaka, wa zai riƙe ta? Ja mu tafi."

Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta sauka daga kujera, ta durƙusa a tsakanin kujerun yara, ta sunkuyar da kai ƙasa da taga. Ba ta ɗago ba sai da muka hau titi.