Yatsa Biyu na Albarushi

Gidanmu gidan maharba ne tun kakanni, a wani ƙauye kusa da Andarai, amma har na yi wayo ban taɓa ganin bindiga a rataye a ɗakin kowa ba. Babanmu ne ya hana. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu, ƙaramin da mai bi masa bindiga ta tafi da su tun yana saurayi, kuma tun ranar ya ce ba shi ba ita, ba kuma 'ya'yansa. Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da son farauta. Da danƙo nake kwana, da shi nake tashi, kurciyoyin bayan gari duk sun san ni. In na ga manya sun dawo daga daji da zabi a rataye, wallahi har zuciyata zafi take yi. Abu ɗaya nake so a duniya, Baba ya yarda in riƙe bindiga.

Kakata, Inna, ita ta haifi Baba, kuma ita kaɗai ce ba ta shakkarsa. In ɗari ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai ta sa a hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Baba yana can gefe a kan buzunsa yana jan carbi, wai shi ba ya sauraro. Inna ba ta fara tatsuniya sai ta tsokane ni.

"Maigida, yau ma hannu banza? Mijin da ba ya kawo nama, mi za a yi da shi?"

"Ki ce wa ɗanki ya saya min bindiga mana," in ce da ita, murya ƙasa-ƙasa.

Sai ta yi dariya, ta gyara zama, ta ce, "To ga wata nan tahe, wa ka tarbe ta?" Mu duka mu amsa, "Mu ka tarbe ta, Inna!"

Akwai wadda ba ta gajiya da ita. Wai an yi wani saurayi mai ƙarfi, mai kyau, mai taurin kan tsiya. Ya je wurin maƙeri sayen bindigarsa ta farko. Maƙeri ya tambaye shi abin da zai harba, ya ce zabi da zomaye. Sai maƙeri ya miƙo masa wata 'yar siririya mai ƙaramin baki. Saurayi ya dube ta ya yi tsaki, ya ce in ya rataya wannan 'yan mata dariya za su yi masa. Can a kusurwa ya hango wata zabgegiya, tsohuwa, irin wadda ake harbin gadu, aladen daji, da ita, an yi wa bututunta faci. Maƙeri ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta gaji. Saurayi ya nace har ya ɗauke ta. Da zai tafi maƙeri ya bi shi da magana, ya ce ko me zai faru kada albarushi ya wuce kaurin yatsa biyu. Gogan naka ya isa daji ya zuba huɗu, don a ji ƙararsa har Jega.

A nan Inna take maƙale murya ta koma zabuwa. Wai zabi suna kan marke suna kallonsa, ƙaramarsu ta ce su gudu, sai uwarsu ta ce, "Ku zamna, ɗiyana. Wanga ba mu za shi halbi ba, kainai za shi halbi." Ya ɗaga, ya saita, ya ja kunama. Daram! Bututu ya tsage a hannunsa. Zabi suka fashe da dariya suka tashi, kuma wai kukan nan da suke yi har yau, dariyar ce ba ta ƙare ba.

Mu kuwa mu yi ta birgima muna kwaikwayon zabi. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, ba ki da wata ne?"

"Ina da su tari," in ji ta. "Wagga ce ni ka so." Sai ta juyo gare mu ta ce, "Ta ƙare nan. Wanda bai ji ba, barci ya cuce shi."

Ba wanda bai san ko wane ne saurayin ba, har ƙannena. Ni dai a lokacin haushinta nake ji. Gani nake tana ƙara ɓata mini al'amari, tana tuna wa Baba abin da ya sa ya hana.

Inna ta rasu ina da shekara goma sha bakwai. Bayan shekara uku, da muka gama cire albasa, sai na daure na sake yi wa Baba maganar bindiga. Ya ci gaba da jan carbinsa, har na fid da rai. Ran kasuwar Jega da safe sai na ji ya ce in tayar da babur. A hanya ya gaya mini sharaɗinsa: zai kai ni maƙera, ba zai ce uffan ba, in na zaɓi daidai ya yarda, in na kuskure kada in ƙara tayar masa da zancen har ya mutu.

Maƙerin wani dattijo ne da ake kira Ɗan'ige. Ya shimfiɗa bindigogin toka a kan tabarma, samari sun yi cincirindo, kowa hannunsa na kan mai dogon bututu. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma idona ya je kan wata baƙa mai ƙota da adon jan ƙarfe. Kai, ta yi kyau! Har na miƙa hannu, sai na janye.

"Mi za ka halbi, yaro?" in ji Ɗan'ige.

"Zabi da fakara, ranka ya daɗe. Sai zomo in ya gitta."

Na ɗauki wata 'yar madaidaiciya mai ƙaramin baki. Na ɗora ta a kafaɗa na ji ba ta rinjaye ni ba. Na bi bututun da yatsa tun daga baki har gindi ina neman faci ko tsaga, na ɗaga shi wajen rana na duba, na ja kunama na ji taurinta. Wani saurayi ya ce, "Wannan ai ta korar tsuntsaye ce a gonar gero." Aka yi dariya. Amma ban ajiye ta ba.

Ɗan'ige ya dubi Baba ya ce, "Wa ya koya mai?"

Baba ya ce, "Tsohuwata."

Abin da ya faɗa ke nan. Muka biya, muka bi ta wajen shugaban maharba aka nuna mana yadda za a yi takardar izini. Da muka isa gida Baba ya karɓi bindigar, rabonsa da taɓa irinta tun kafin a haife ni. Ya zura sandar ɗuri cikin bututu ya yi mata alama, ya zuba albarushi, ya sake zurawa. Sandar ta ɗago kaɗan. Ya ɗora yatsunsa biyu na hannun nan a kan abin da ya ɗago, suka rufe shi cif.

"Nan za ka tsaya, Bello," ya ce. "Ko zaki ka gani."

Sai da na girma na gane aikin da Inna take yi a bakin wutar nan. Ta san jikanta ba zai haƙura ba, ta kuma san ɗanta tsoro ne ya cika shi, ba mugunta ba. Sai ta yi ta cusa mini hankalin da shi bai samu ba, a gabansa, yana ji, don ran da na tambaya ya san an riga an koya mini. Ina alfahari da ita, ina alfahari da mutumin da ya zauna shekara da shekaru ana ba da labarin wautarsa don 'ya'yansa su tsira da hannuwansu.

Ran da na harbo zabona na farko, Baba yana bakin gona. Ya karɓe shi ya juya shi, ya ga ƙirjin lafiya lau, alamar ban cika albarushi ba. Gidanmu yana nan kusa ta bayan gari, amma sai ya riƙe zabon da hannun hagu ya bi ta tsakiyar ƙauye, ta gaban masallaci da rumfar mahauta, yana tsayawa gaisawa da duk wanda ya gani.