Kwalba Biyu ta Iska

Babanmu tela ne, amma duk layinmu ba wanda ke kiransa tela. Iska ake ce masa, saboda shekara talatin ke nan kullum da safe sai ya yi gudun kilomita goma sha biyar kafin ya buɗe shago. Mutum ne mai zargin tsiya. Almakashinsa ma a aljihu yake kwana, wai kada mu yanka takarda da shi.

Wata likita mai bincike ta zo ƙungiyarsu ta masu gudu, ta raba wa kowa kwalabe biyu ƙanana. A tofa yawu a ɗaya kafin a fita, a tofa a ɗayar da zarar an dawo, a sa a firji. Ta ce a cikin yawu akwai abin da ke tare ƙwayoyin cuta a baki da maƙogwaro, tana so ta ga yadda doguwar wahala da irin abincin mutum ke taɓa shi. Kowa ya karɓa da murna ban da Baba.

"Yawuna? Me za ta yi da shi? Yau yawu, gobe jini, jibi a ce mutum ya sa hannu a takardar da bai karanta ba."

"Kai dai ka tofa mana," in ji Mama, tana ajiye masa ƙwai biyu da ayabar da take ba shi kullum don gudun nan. "Wa zai yi arziki da yawunka?"

Sai da aka yi mako ana fama kafin ya tofa, yana harararmu kamar mu muka aiko ta.

Ni na kai kwalaben ɗakin gwajin. Likitar ta ɗaga su a haske, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ta bayan gudu ce? Kin tabbata?"

Ta buɗe firji ta nuna mini na sauran. Duk na bayan gudu ɗan kaɗan ne a ƙasan kwalba, mai kauri, don baki ya bushe. Ta Baba kuwa cike take fal, tsararo kamar ta farkon.

Raina ya ɓaci. A zuciyata na ce lallai duka biyun ya tofa tun kafin ya fita, don ya raina wa baiwar Allah hankali. Amma a hanya na fara tuna wasu abubuwa. Wandonsa da ya buɗa wa ƙugu da kansa. Takalmin gudunsa da ya kusa shekara bai cinye ba.

Washegari na bi shi. Ya fita da gudu har ya sha kwana, inda Mama ba ta hango shi ta taga. Daga nan ya tsaya, ya dafa bango, ya ja ƙafar dama har bayan shagonsa, ya zauna a kan benci. Ya duba agogo. Ya fi awa yana zaune yana murza gwiwa. Sannan ya buɗe gorar ruwa ya fara jiƙa gaban rigarsa.

Ashe bai yi wa likitar ƙarya ba. Mu yake yi wa.

Da ya gan ni bai ko razana ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Wata takwas. Na san kwalbar nan za ta tona ni." Ya sunkuyar da kai. "In na daina, wa zai ƙara ce mini Iska?"

Na zo da faɗa cike da bakina, amma tausayinsa ya hana ni. Na ce gobe za mu je a duba gwiwar, ko yana so ko ba ya so. Bai yi musu ba. Ya miƙe zai tafi gida, gaban rigar sharkaf, bayanta a bushe ƙarau.

"Tsaya, Baba. Mama za ta gane."

Na karɓi gorar na jiƙa masa bayan.