Kawu da ƙaramin rishonsa na gas

Jiya a Ƙofar Galadima na ga wani mai shayi yana shafa kumfar sabulu a wuyan tukunyar gas, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Ƙanin mahaifiyata ne, direban babbar mota, ba ya rabuwa da ƙaramin rishonsa na gas. Bai taɓa kunna shi ba sai ya sunsuna tukuna.

Wani azumi ya sauka gidanmu a Limancin Kona, ruwan sama ya jiƙe mana itace sharkaf, ga magariba ta kawo kai. Ya ba ni aron rishon in dama kunu. Na ɗauki ashana ke nan a ɗakin girki, yara kewaye da ni, sai ya riƙe mini hannu.

"Dakata, 'yar nan. Ba ki ji wari ba?"

"Kawu, an kusa kiran salla fa."

"A kira. Da ruwa ma ana buɗe baki."

Ya fitar da rishon tsakar gida, ya shafa kumfa a mahaɗar, nan take ta fara ɓulɓulowa. Ashe robar ciki ce ta tsage. Ya kwance kan, ya sauya ta, ya share ramukan da allura, sannan ya kunna. Wutar ta tashi shuɗiya, ko hayaƙi babu. Sai da maza suka dawo daga masallaci muka sha kunun, Kawu yana ta tsokanar yara.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya tsare ka daga wuta kamar yadda ka tsare mu.