Hannun da Aka Ce Yana Kashe Ƙullu

A gidanmu na Ƙofar Ƙaura an yanke wa hannuna hukunci tun ban iya ɗaurin zani ba. Wai in na taɓa ƙullun waina ba ya tashi. Gwaggo ce ta faɗa, yayar mahaifinmu, wadda duk biki da suna ita ke riƙe da madafa, kuma in ta yi magana an gama. Wata Sallah ce ƙullu ya ƙi kumbura, wainar ta fito a daskare kamar tafin takalmi. Aka tambayi wanda ya buga, aka ce ni. Daga ranar, in an jiƙa shinkafa, aikina wanke-wanke ne da yankan albasa.

Na girma, na zama malamar kimiyya a wata sakandaren 'yan mata. A ɗakina wainata tana tashi lafiya lau, amma Gwaggo ta ce ita ba ta gani ba, kuma ƙullun mutum uku ba ƙullun taro ba ne. Na ƙyale ta. Ina ruwana, ai ma an rage mini aiki.

Abin da ya tunzura ni ɗiyata ce. Ana shirin auren ƙanena muka je gida, aka dama ɗan ƙullun karin kumallo, yarinyar ta miƙa hannu za ta taya bugawa. Gwaggo ta janye kwanon.

"Kauce nan, hannun uwarki gare ki. Tahi ki yi shara."

Mata suka yi dariya. Ɗiyata ta cusa hannuwanta cikin hijabi, ba ta sake fito da su ba har muka tafi. Da muka koma gidana ta ƙi zuba wa babanta abinci, wai kar ya lalace. Wallahi raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya faɗa. Ni na haɗiye abin shekara da shekaru, amma ba za a ɗura wa yarinya ba ina kallo.

Na koma wurin Gwaggo, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi ƙafa, na tambayi gajiyar hidima, sannan na ce, "Gwaggo, ina so a gwada hannun nan."

"A gwada mi? Abin da kowa ya sani?"

"Kowa ya ji dai. Ba wanda ya gwada."

Na faɗa mata yadda za a yi. Ƙullu ɗaya za a haɗa, ita da kanta, da shinkafarta da yis ɗinta. A raba shi kwano uku iri ɗaya, da ludayi ɗaya. Ita ta buga ɗaya, ni da ɗiyata mu buga ɗaya, na ukun kar kowa ya sa masa hannu, don mu san yadda ƙullun yake in an bar shi da halinsa. Matar yayana za ta yi wa gindin kowane kwano alama da gawayi, ta ajiye su ba mu gani ba. In lokaci ya yi, Gwaggo ta nuna wanda ya mutu, sannan a ɗaga a duba alamar.

"In namu ne, na yarda," na ce. "Ba ni ba madafarki."

Ta ce, "'Yan boko dai ba ku da aikin yi." Amma ta yarda, don ta tabbata ita ke da nasara.

Da azahar aka buɗe. Biyu sun cika sun yi kumfa, ɗaya yana kwance ko motsi bai yi ba. Gwaggo ko tsayawa dubawa ba ta yi ba, ta nuna shi da baki. Aka ɗaga, alamarmu ce.

Gidan ya ɗauki shewa. Ɗiyata ta sunkuyar da kai, ni kuwa gaskiya na ji tsoro. Na tsaya ina kallon inda aka ɗauko kwanonin. Biyu daga bakin murhu suka fito, inda ake girkin rana. Namu daga gindin randa, kan siminti mai danshi, a inuwa. Na tambayi matar yayana dalili. Ta ce bakin murhu kwano biyu kawai yake ɗauka, kuma ai ba a ture na manya a sa na yara. Ladabi ta yi, baiwar Allah, ta lalata mini gwaji. Bambanci ɗaya nake so tsakanin kwanonin, wato hannu, sai ga shi sun zama biyu.

Na ce a sake.

"A'a," in ji Gwaggo. "Da bakinki kika ce in naku ne kin yarda. Yanzu da ya kama ki za ki sauya magana?"

Maganar ta shige ni, don da gaskiyarta. Wanda ke sake gwaji duk lokacin da ya faɗi, har sai ya samu abin da yake so, ba gaskiya yake nema ba. Sai na ce, "To bari in faɗi abin da zai faru tun kafin a yi. Gobe a sa naki a gindin randa, namu a bakin murhu. In hannu ne, namu zai sake mutuwa duk inda aka kai shi. In sanyi ne, naki zai kwanta. Wannan karon ba ni da wata mafita."

Washegari nata ya kwanta. Da aka ɗaga ta ga alamarta, sai ta ce matar yayana ta haɗa baki da ni. Muka sake, Gwaggo ta yi alamar da hannunta, aka jera duka ukun a wuri ɗaya mai ɗumi, aka kira wata maƙwabciya da ba ta san zancen ba ta zaɓi mataccen. Matar ta leƙa, ta leƙa, ta ce ita duk ɗaya ta gani.

Kada ku ɗauka Gwaggo ta ce ta yi kuskure. Cewa ta yi hannun ya ji ana kallonsa ne ya yi ladab, kuma ita ba za ta yi caca da abincin baƙi ba. Na daina jayayya da ita, don ba ita nake son gamsarwa ba.

Ana gobe ɗaurin aure aka haɗa ƙullu cikin babban baho, mata sun kewaye shi. Na kamo ɗiyata, na naɗe mata hannun riga, na wanke mata hannu, na kai ta bakin bahon. Gwaggo ta kira sunana da muryar da tun ina ƙarama take sa ni ja da baya. Ban ja ba.

Yarinyar ta raɗa mini, "Umma, in bai tashi ba fa?"

Na ce, "Sai mu duba yis ɗin, mu duba inda aka ajiye. Ke an riga an duba ki."

Ta dubi Gwaggo, ta dube ni, ta tsoma hannun har gwiwa.